Annobar Fitilar Hagu

Litinin, da hantsi

A sani, kuma wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba, cewa daga yau ni, mai wayarin ɗin mota, wanda mutanen layinmu ke kira Farfesa, rabi don girmamawa rabi don tsokana, na kafa dokar ta-ɓaci a kan fitilar hagu ta motata. Laifinta shi ne dusashewa ba tare da neman izini ba. Na karanta tarihin dauloli da dama, ban kuwa taɓa cin karo da wadda ta rushe farat ɗaya ba. Kullum daga gefe ɓaraka ke farawa, masu mulki na tsakiyar gari suna cewa lafiya lau. Ni ba zan shiga sahunsu ba.

Maganar ginshiƙin ƙofar gida kuwa, ba zan shigar da ita cikin wannan littafi ba. Ginshiƙin na nan a tsaye, motar ma na nan, abin da ya shiga tsakaninsu jiya bayan magariba su ya shafa. Abin da kawai zan ce, da fitilar hagu ta yi aikin da aka saye ta dominsa, da ba a kai ga haka ba.

Matata, wadda za a riƙa ambata a nan da Kotun Ƙoli, domin ba a ɗaukaka ƙara bayan ta yi magana, ta yanke cewa da zarar rana ta faɗi makullin mota ya koma hannun 'yarmu Auta, har sai an gano inda matsalar take. Da ta zo kan kalmar matsala, ni take kallo, ba motar ba. Na ɗauki wannan a matsayin kuskuren juya wuya.

Talata, bayan la'asar

Na kawo motar gareji da kaina, tunda hukuncin Kotu bai shafi rana ba.

Fitila ba ta mutuwa haka kawai, kashe ta ake yi, kuma waɗanda ake zargi ba su da yawa: ƙwai, fiyus, rile mai buɗe wa wuta hanya, soket, sai wayar da ke ɗaure da jikin mota, wadda ta cikinta wuta ke komawa gida. Na gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya. Fiyus na ɗora masa mita, ya wanke kansa ya wuce. Rile na ɗora yatsa a bayansa na kunna, na ji ya yi ƙas, kamar yadda mai gaskiya ke amsawa. Soket babu tsatsa, babu ƙauri. Batir cike yake kamar attajiri.

Daga nan na koma ga babbar hikimar da na gada daga maigidana marigayi, Allah ya jiƙansa, wato musanya. Ka ciro ƙwan hagu ka sa shi a dama, na dama ka maido shi hagu. In duhun ya bi ƙwan ya yi ƙaura, ƙwai ne mai laifi; in ya zauna inda yake, ka nemi mai laifi a wani wuri. Malaman manɗiƙi sun cika littattafai ba su faɗi abin da ya fi wannan ba.

A kan wannan hikima na gina dokar layinmu tun da daɗewa: duk wanda ya canza kayan da gwaji bai kama da laifi ba, shayin duk layi a wuyansa. Bakaniken da ke dama da ni ya sha biya. Mai fenti ya biya har ya saba. Ni ban taɓa biya ba, kuma ina rubuta wannan ne cikin tawali'u iyakar yadda gaskiya ta yarda.

Laraba, gab da magariba

Lokacin bango ya yi. A bayan garejin akwai farin bango da na yi wa alama biyu da alli. Idan rana ta yi sanyi sai a fuskantar da mota gare shi, a kunna, a yi hukunci. Yadda maigidana ya koya mini kuwa shi ne, fitilar hagu da idon hagu ake duba ta, ta dama da idon dama, ɗaya idon a rufe da tafin hannu, don kada hasken wannan ya yi wa wancan shaidar zur. Haka nake yi tun ban fara aske gemu ba.

Na duba. Ta dama fes, kamar an wanke ta. Ta hagu, duk da musanyar jiya, tana nan jajaja-jajaja, kamar rana a bayan labule mai datti. Ke nan ƙwai ya kuɓuta.

Mai faci, maƙwabcina na hagu kuma abokin gardamata tun muna da baƙin gashi, ya tako da kofin shayinsa ya tsaya a bayana. Ya ce shi dai a nasa ganin fitilun nan biyu tagwaye ne, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Na tunatar da shi cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsoma tif cikin ruwa yana neman kumfa ba shi da hurumi a ilmin haske. Ya ce ko ba shi da hurumi, shi dai bai taɓa rungumar ginshiƙi ba. Ban san wa ya kai masa labari ba.

Bayan ya tafi na sa sabon ƙwai. Ba wanda ya gani.

Alhamis, bayan magariba

Sabon ƙwan ma halinsu ɗaya da tsohon.

Asabar, da azahar

Yau sana'a ta yi mini daɗi. Wani direban bas mai dogon zango, wanda tun motar mahaifinsa ni ke gyarawa, ya kawo ƙarar fitilar hagu: in ya faɗa rami ta ɗauke, in ya sake faɗawa wani ta dawo, har ya fara neman ramuka da gangan. Na kunna ta, na zura hannu bayan fitilar ina girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ko leƙa ba, domin yatsuna sun san hanya. Da na taɓa wayar jikin mota sai fitilar ta yi ƙifce. Notin ya saki, tsatsa ta yi gida a ƙarƙashinsa. Na kwance, na kankare har ƙarfen ya yi sheƙi, na shafa ɗan giris, na ɗaure. Mita ta nuna daidai da ta dama. Na yi wa direban taƙaitaccen jawabi a kan yadda wuta, kamar matafiyi, ba ta fita sai ta tabbata akwai hanyar komawa. Ya saurara har ƙarshe, abin da ke nuna an yi masa tarbiyya.

Asabar, gab da magariba

Na kai bas ɗin gaban bango. Ta hagu jajaja-jajaja.

Direban ya ce shi ga shi yana ganin har tururuwar da ke bin bangon, kuma gobe da asuba yana da lodi. Na ce motar da ke ɗauke da rayukan mutane ba za ta bar hannuna da rabin haske ba. Ya daɗe yana jujjuya makullinsa, sannan ya ce, "Baba, don kai ne." Ya bar ta.

Lahadi, bayan isha

Auta ta kai ni gaida ƙanwata, ina zaune a kujerar fasinja kamar kayan aike. Na lura masu ƙera motoci sun shigo da wani sabon salo: kowace fitilar da ke tahowa tana da wani kewayayyen hayaƙi a jikinta mai cika hanya. Na ce wa Auta wannan rashin ladabi ne ga sauran masu tuƙi. Ta ce, "Wane hayaƙi, Baba?" Na ce ta kula da hanyarta.

Lafiyata lau.

Talata, da yamma

Na sallami bas jiya. Sai da na sa wa hagu ƙwai mai ƙarfi fiye da na dama, na kuma murɗa sukurin saiti na ɗaga kanta, kafin ta yi kusa da abin da zan iya sa hannu a kai. Direban bai yi godiya irin ta da ba.

Tun daga nan mota uku na kai gaban bango, tasi biyu da motar wani malamin makaranta, kuma duka ukun fitilarsu ta hagu ta gaza, sai da na yi musu irin aikin da na yi wa bas. Wannan ya wuce tsautsayi. Ina sanar da duniya cewa annoba ta ɓulla, kuma hagu take bi. Na fara tsara maƙala a kai, mai babi biyar, inda zan tattauna ko daga masana'anta ne, ko daga batir ɗin zamani, ko kuwa wani abu ne da ya shafi juyawar duniya wanda malaman falaki suka yi sakaci da shi. Na karanta wa mai faci gabatarwar. Ya ce a ƙara babi na shida a kan ginshiƙai.

Alhamis, da hantsi

Na nemi jar waya a cikin dami na ɗauko ruwan ƙasa. Sau biyu. Masu rina wayoyi su ma sun lalace.

Juma'a, bayan la'asar

Direban bas ya dawo, bai kashe inji ba, bai kuma sauko ba. Ta taga ya gaya mini cewa tunda ya bar nan bai yi tafiyar dare cikin mutunci ba: duk motar da ta taho sai ta watsa masa ful, wato babban haske, a fuska, wani direban babbar mota ma ya tsaya ya ambaci iyayensa, domin fitilar hagun nan kan bishiyoyi take haskawa da idanun bayin Allah. Ya ce a tasha an fara magana. Na tambaye shi wace magana. Ya sunkuyar da kai ya ce wai hannun Farfesa ya tsufa, shi dai bai yarda ba, amma zai gwada wani wuri ya gani.

Na ce ya je, ƙasa ce mai 'yanci.

Ban ci abincin rana ba, saboda yawan aiki.

Asabar, da yamma

Yau na tuna maigidana, ban san dalili ba. A ƙarshen rayuwarsa akwai wani benci a bakin gareji da yake zama tun safe. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya wuce shi ya kawo mini motar. Yakan juyo da kai wajen ƙarar injin ya faɗi abin da ke damunta, a ce masa haka ne Baba, ba wanda ya ƙara miƙa masa sukudireba. Wannan benci yana nan, a kansa nake ajiye tsofaffin batura.

Na ƙara masa batir biyu, don kada wani ya yi sha'awar zama.

Litinin, gab da magariba

Kotun Ƙoli ta yi zama a gareji. Rabonta da nan tun Auta na goye. Ta sauko daga mota da jakarta, Auta ta juya motar ta fuskanci bango ta kunna fitila, mai faci kuma ya matso da kofinsa ba tare da an gayyace shi ba.

Ta ce ta daɗe tana jin ina maganar musanya a gida, har ta kai in gishiri ya yi yawa a miya sai na ce a musanya tukunya, amma ba ta taɓa fahimta sosai ba, ko zan yi mata bayani. Na ji daɗi ƙwarai. Na gyara tsayuwa, na fara daga tushe, na kawo misalai, na nuna mata da idon da ake duba kowace fitila. Ta bari sai da na kai aya.

"To Malam, ƙwai ka musanya, na ji. Fitilar hagu kuma da idon hagu kake dubawa."

Na ce haka aka gada.

"Musanya mini su in gani. Dubi ta hagu da na dama."

Na ce wannan ya saɓa wa ƙa'ida. Ta ce ita ba 'yar sana'a ba ce, a yi mata uzuri. Na rufe idon hagu na dubi fitilar hagu. Fes, har da tururuwar da direba ya ambata. Na rufe na dama na dubi fitilar dama, wadda ba ta taɓa saɓa mini ba. Jajaja-jajaja.

"Duhun ya zauna ne, Malam, ko ya yi ƙaura?"

Mai faci ya dubi cikin kofinsa kamar an rubuta wani abu a ciki. Auta ta kashe fitila, ta zo ta karɓi sukudireban da ke hannuna ta mayar akwati, ta ce, "Mu je gida, Baba."

Talata, da safe

An dakatar da maƙala.

Laraba, da azahar

Ban je gareji ba. Na gyara makunnin fankar falo, wanda ba abin da ya same shi.

Alhamis, bayan la'asar

An kai ni wancan wurin. Ba zan bayyana shi ba, illa in ce kujerunsa an yi su ne don hukunta masu jira, kuma wayarin ɗin silin ɗinsu abin kunya ne.

Likitar yarinya ce, ba ta fi Auta ba. Na shiga da niyyar raina ta, sai na ga ta rufe mini ido ɗaya ta gwada ɗayan, ta koma ta musanya. Nan take na gane 'yar gidanmu ce a ilmi. Ta haska, ta leƙa, ta ce yanar ido ce ta rufe na hagu, ta daɗe tana taruwa, kuma ana cire ta. Na yi mata tambaya ɗaya tak, wadda tun ranar bango take damuna: wayar da ke bayan idon fa, tana raye? Ta yi murmushi ta ce iyakar abin da ta gani lafiyarta lau, amma sai an buɗe za a tabbatar.

Sai an buɗe za a tabbatar. Sau nawa na gaya wa masu mota haka, ina jin daɗin yadda kalaman ke fita. Ashe daga ɗaya ɓangaren ba su da daɗin ji.

An sa ranar Talata.

Asabar, da yamma

Lafiyata lau. Kotu ta dafa abin da na fi so ba tare da na roƙa ba, wanda a tarihin aurenmu alama ce ta ko dai babban alheri ko babban haɗari.

Litinin, da hantsi

Na je gareji na goge kayan aiki, na jera su, na cire batir ɗin mita don kada ya zube a ciki. Na ba mai faci makulli, tare da umarni cewa kada ya taɓa komai, kada ya ba kowa aron filaya, musamman bakanike. Na jira ya yi tsokana. Bai yi ba. Ya sa makullin a aljihun gaba ya danne da hannu, ya ce, "Sai ka dawo, Farfesa, bangon na jiranka." Wannan ladabi nasa ya fi duk abin da likita ta faɗa tayar mini da hankali.

Na dubi benci. Batura na nan a kai.

Laraba, da azahar

An yi. Rubutun yau da ido ɗaya ne, ɗayan na ƙarƙashin bandeji yana nazari.

Alhamis, da hantsi

An buɗe.

Ina sanar da al'umma cewa wayar baya tana raye. Abu na farko da idon hagu ya gani bayan dawowarsa daga gudun hijira shi ne fuskar Kotun Ƙoli, kusa ƙwarai, tana tambaya yatsu nawa ta ɗaga. Na ce uku, na kuma ƙara da cewa ban san furfurarta ta kai haka ba. Ta ce kowace ɗaya da sunana a jikinta. Auta ta fita waje, wai wani abu ya faɗa mata a ido, a asibitin ido.

A hanyar gida na gano cewa motata shuɗiya ce sosai, kuma ginshiƙin ƙofar gida, wanda ke nan a tsaye, ya fi yadda nake zato girma. Yadda aka yi mutum bai gan shi ba, wannan sai masana.

Lahadi, da yamma

An hana ni ƙura, sunkuyo da ɗaukar nauyi, wato an hana ni sana'a. Ana ɗiga mini magani kamar ana ba batir ruwa. Na karanta littattafai biyu da na ajiye bara bisa zargin cewa maɗaba'a ta rage musu tawada. Ina janye zargin.

Asabar ta sama, gab da magariba

Likita ta sake ni, na koma gareji da tabarau mai kare ƙura, wanda mai faci ya ce ya mai da ni kamar ƙwaro mai ilmi. Na gode wa Allah da bakinsa ya dawo daidai.

Ban gama buɗe akwati ba sai ga bas. Ashe mai faci ne ya taka har tasha ya ba da labari, da ƙari, na tabbata. Wannan karon direban ya kashe inji ya sauko ya gaishe ni. Ya ce bai kai ta ko'ina ba, tafiyar rana ya koma yi yana jira, domin motar ba ta san hannun kowa ba sai nawa. Na ce masa ya rage surutu ya fuskanci bango.

Da aka kunna, sai na ga aikin hannuna. Ta dama na kan alamarta cikin natsuwa. Ta hagu kuwa ta haura alli, ta haura bango, tana can tana bincike a saman rufin mai fenti. Na jinjina wa direbobin da suka zage shi, domin suna da hujja. Na ciro ƙwan nan mai ƙarfi na mayar da irin na dama, na sassauto da sukurin saiti har hasken ya sauko ya zauna kan alamarsa. Sannan na duba kowace fitila da kowane ido, na ƙara da biyun gaba ɗaya, na kuma kira mai faci ya sa albarka, tunda an gano yana da ɗan hurumi. Daga yau haka ƙa'idar take, kuma na tabbata maigidana zai yafe mini gyaran, don da an yi masa shi da wataƙila bai zauna a benci da wuri ba. An aika wa tasi biyu da malamin makaranta su dawo a sauke musu nasu.

Baturan na kwashe su daga kan benci. Masu mota ba su da wurin zama, abin bai dace ba.

Asabar, bayan isha

Kotu ta maido makulli, bisa sharaɗin cewa Auta za ta zauna a gefe mako guda, kuma za a riƙa gaida ginshiƙi daga nesa.

Saura hukunci ɗaya. Bayan nazarin shaidu, an samu wanda ake ƙara, wato ni, da laifin canza ƙwan da gwaji ya riga ya wanke, a motarsa da motocin jama'a, da kuma laifin gwada kowane kaya a gareji ban da wanda ke yin gwajin. Saboda haka, bisa dokar da shi da kansa ya kafa, an ci shi tarar shayin duk layi ranar Litinin da safe, da madara. Na mai faci a sa masa sukari cokali biyu, amma ba a yarda ya yi jawabi ba.